Laujen Bahago

Jiya laujena ya karye a gona. Na zauna ina kallon guntayen, sai marigayi Baba ya faɗo min a rai.

Baba maƙeri ne a Wagini, ni kuwa bahago ne. Ina yaro, duk laujen da na ɗauka sai ya zame ya yanke ni. Baffana ya ce a ɗaure min hagun har in saba da dama.  Baba ya kira ni maƙera, ya riƙe hannuna da tafinsa mai kanta, ya ce, "Yi kamar kana yankan ciyawa, in gani." Sannan ya zuga wuta. Har yau ina jin ƙaurin gawayin nan.

Da ya miƙo min laujen, bakinsa na kallon ɗaya gefen, ya ce, "Ƙarfe nake lanƙwasawa, ban da 'ya'yana."

Yau na kai guntayen kasuwar Batsari. Maƙerin da ke can ya jujjuya su, ya ce bai taɓa ƙera irinsa ba. Na dawo da su gida.

Baba, yadda ka tausaya wa haguna, Allah ya ba ka littafinka a hannun dama.