Tatsuniyar da Kaka Ta Riƙe Wutsiyarta

A gidanmu na Gashua, wutar bandar kifi ce fitilar hira. Bayan sallar isha'i sai Kaka Falmata ta zauna tana juya tarwaɗa, mu jikoki mu kewaye ta, hayaƙi na sa mu hawaye muna dariya.

Wata shekara iska ta yaye rufin ajinmu. Baba ya ce in damina ta faɗi ba rufi, in bar boko in bi shi kamun kifi. Ni kuwa ina son makarantar nan kamar me! Kullum shi da Kawu Modu, ƙanen mahaifiyata mai zuwa daga Nguru, suna gefe kan tabarma suna musu. Baba ya ce asusun jiha ne ya bushe, Kawu ya ce a'a, ɓarayi ne suka yi yawa, har tagogin makaranta sun kwashe.

Ran nan Kaka ta ɗaga murya. "Ga baƙuwa ta zo, a ba ta wuri! Tsuntsayen fadamar Dagona ne sheƙarsu ta yage. Shamuwa ta ce rumbun sarki ba hatsi. Balbela ta ce maciji ne ke sace ƙwai. Ɗinya ta ce 'ya'yan yanzu ko tashi ba su iya ba. Suna ta cacar baki, ga hadari ya haɗo, ga ciyawa har wuyansu."

Sai ta koma juya tarwaɗarta.

"Kaka, sai me ya faru?"

"Oho! Angona, tambayi Shamuwa da Balbela, ga su can kan tabarma. Ba rufi, ba ƙarshe."

Wayyo, mun addabi iyayenmu! Da safe kuka, da rana naci, har 'ya'yan maƙwabta suka shigo ciki. Da Baba ya gaji, ya kira gayya. Ciyawar kachala da ta toshe mana hanyar ruwa, wadda kowa ke tsine wa, ita aka yanko aka yi jinka. Kawu na saman gini yana ɗauri, bai fasa musunsa ba.

Washegari da daddare muka rugo. "Kaka, ƙarshen!"

Ta miƙo mini kan tarwaɗa tana dariya. "Kai, wannan miji da wauta! Ba a ƙarƙashin ƙarshen ka wuni yau a aji ba?"

Yanzu ni ke koyarwa a makarantar. Jiya ma na ci musu kan kasafin jiha a ɗakin malamai, na fito ina taƙama. Sai na ɗaga kai, na hango sama ta rufin ajina, na ji kamar ana kirana Shamuwa.