Amfilfaya da Kaset ɗin Baba

Sifikun na riga na saye su tun kafin maganar kaset ta taso. Guda biyu ne na gwanjo, dogaye, jikinsu katako, kowace ta kai mini ƙugu. A kasuwar Maigatari na same su wata Alhamis, na kawo su gidana a Gumel da niyyar kallon ƙwallo, suka yi wata huɗu a falo ba su ce uffan ba. Irin wannan sifika ba ta magana da kanta, sai an haɗa ta da amfilfaya, akwatin da ke ba ta ƙarfi, ni kuwa ban saya ba tukuna. Matata ta mayar da kansu wurin ajiye kaskon turare.

Ana cikin haka Inna ta zo daga Ɗanzomo ganin likitan kunne. Likita ya ce na dama ya tafi, na hagu kuma yana bin sawunsa. Sai da muka dawo gida ta kwance bakin zaninta ta fito da wani kaset da rubutunsa ya goge. Baba ne ya aiko shi daga Makka a shekarun da ya zauna can yana ɗinki, lokacin ban yi wayo ba. A zamanin, wanda ba ya rubuta wasiƙa sai ya yi magana a kaset ya ba alhazai masu komawa gida. Baba ya daɗe da rasuwa.

"Ina so in ji shi tun da sauran kunne," in ji ta.

Na kai aka juye kaset ɗin a mimori. Na kara mata waya a kunne, ta ce kamar sauro. Alhamis na zuwa na koma Maigatari.

Mai kayan wani mutumin Damagaram ne, yana da amfilfaya biyu. Ɗaya sabo fil, da fitilu masu wasa, an rubuta ƙarfinsa wat dubu biyar a kwalinsa da manyan baƙaƙe. Ɗayan tsoho ne baƙi, an ce wat tamanin kowane gefe.

"Alhaji, ɗaga su ka ji," ya ce da ni.

Ban taɓa zuwa hajji ba, kuma na san wanda ya kira ka Alhaji a kasuwa aljihunka yake gaisarwa. Na ɗauka so yake ya liƙa mini tsohon kaya. Ni da na yi boko, ake ce mini in auna da hannu alhali ga lamba a rubuce? Dubu biyar ta fi tamanin ko a firamare. Na ɗauki sabon da hannu ɗaya, har ina jin daɗin rashin nauyinsa.

A gida na haɗa wayoyi, aka shimfiɗa wa Inna darduma gaban sifikar hagu. Na kunna, ta ce ba ta ji. Na ƙara, ta ce ƙara. Na murɗa har maɓallin ya tsaya. Muryar Baba ta fito tana tsagewa kamar ana yaga atamfa, gilashin taga na rawa. Can sai wani ƙauri ya tashi, muryar ta dushe, ya rage gurnani kawai.

Inna ta ce, "Wannan ba shi ba ne. Kashe."

Daga nan ta sanar da ni ranar Asabar za ta koma, riɗinta na jiran yanka. Ba ta yi mini faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Kunya ta kama ni sosai.

Washegari da hantsi na lodi kayan a adaidaita zuwa wurin wani dattijo mai gyaran rediyo kusa da tasha. Ya kwance ƙaramar sifikar sama, wadda suke kira tuwita, ya shinshina, ya ce ta ƙone. Na ce ai na sani, ƙarfi ne ya yi mata yawa. Ya dube ni ta saman tabarau.

"Malam, rashin ƙarfi ne ya ƙona ta. Maraƙi ka ɗaura wa amalanke, ka yi ta dukansa. Bai ja ba, sai harbi da ya yi ta yi, harbin ya samu tuwita. Ita ce kuwa mai fitar da baƙin magana."

Na nuna masa kwalin. Ya ce lambar nan ta ihu ɗaya ce kafin abin ya shaƙe, ba ta aikin yini ba. Ya juya bayan sifikata ya nuna mini wat ɗari a rubuce, ya ce abin da ya yi kusa da wannan na gaskiya ake nema, wanda zai ja ta ba tare da an ƙure shi ba.

"Kai da ke zuwa Maigatari, in za ka sayi rago, goshinsa kake karantawa ko ɗaga shi kake yi?"

Ya ce ƙarfin na cikin ƙarfe da tagullar da aka naɗa a ciki, su kuwa ba sa ɓoye nauyinsu. Ya canja tuwita, ya jawo wani tsohon amfilfaya daga ƙarƙashin tebur, ɗan'uwan wanda na raina. Da hannu biyu na kai shi adaidaita, ina nishi.

Bayan an sauko daga masallacin Juma'a muka sake zama. Maɓallin ko rabi bai kai ba. Baba ya yi gyaran murya, ya yi sallama, kamar yana zaune a kujerar da ke gefena. Ya gaida maigari da liman, ya gaida yayyensa ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi rijiyar gidanmu ko an yashe ta, ya ce kada a sayar da jan bijimi. Har ni ya ambata, ya ce a rage ba ni ƙuli-ƙuli. Inna ta karkata kunnen hagu, fuskarta ba ta nuna komai ba, har na fara tunanin wannan ma ba ta ji.

Ina sauraro ina lissafi. Ya kira sunan kowa har maƙwabta, bai kira nata ba. Raina ya ɗan ɓaci, na ce duk wannan wahala a kan saƙon da ba ta ciki. Daf da ƙarshe, bayan ya fara addu'ar rufewa, sai ya dakata, ya sassauta murya, ya faɗa da sauri:

"Sannan a gaida mutanen ɗaki."

Inna ta ja mayafinta ta rufe gefen fuska, ta sunkuyar da kai.

"Muna amsawa," ta ce.

Na kai hannu zan kashe, ta ɗaga yatsa ba tare da ta dube ni ba.

"Mayar da shi baya kaɗan. Nan wurin kawai."