Ranar da Idrisu Bai Yi Susa Ba

Duk wanda ya yi aiki a kamfanin jimar fata na ƙarshen layi a Challawa ya san Idrisu Ɗan Garaya. Ba makaɗi ba ne, ko tafi bai iya ba. Daga wani ƙauyen Jigawa ya zo yana saurayi, ya shekara goma sha tara yana tsamo fatu yana shanyawa, warin bai taɓa hana shi cin ƙosai ba. Abu ɗaya ne ya fi ƙarfinsa: kulorokwin, maganin zazzaɓin cizon sauro. Da ya sha, sai ya kwana uku yana susa, yatsu na gudu a haƙarƙari kamar mai kaɗa garaya. Totuwar masara ba ta rabuwa da aljihunsa. An taɓa kama shi yana goga baya a jikin motar manaja, manajan yana ciki.

A daminar 2004 zazzaɓi ya kayar da shi tare da matarsa Uwani. Ita ta fi jin jiki, ko ruwa ba ya zama mata. Idrisu ya saya musu kulorokwin a kyamis ɗin Hajiya Mas'uda, wadda ta yi karatun harhaɗa magunguna, kuma take da wani fom ruwan ɗorawa da take aika wa hukumar kula da magunguna idan magani ya yi wa mutum ba daidai ba. Fom biyu ta taɓa cikewa a kan Idrisu shi kaɗai.

Ya sha, ya fito da totuwa, ya zauna jira. Shiru. Washegari ma shiru. Kai na sarawa, haƙora na haɗuwa, amma ko ƙaiƙayin sauro babu. Wayyo daɗi! Bawan Allah ya ja jiki zuwa kamfani, ya tsaya a bakin get yana shela cewa an kawo na Turawa, wanda ba ya sa susa.

Kafin azahar layi ya kai bakin kwata a gaban kyamis, Idrisu ne a gaba, ya zo godiya.

"Hajiya, Allah ya saka muku da alheri. Kwana biyu ban taɓa jikina ba!"

Hajiya ta cire tabarau. "Kai ɗin, Malam Idrisu? Ko tsakanin yatsu?"

"Ko tsakanin yatsu."

"Zazzaɓin fa?"

"Yana nan, amma ai wannan mai sauƙi ne."

"Uwani fa?"

"Tun jiya ba ta magana sosai."

Hajiya ta ɓallo ƙwaya ɗaya daga sabon kwalin da ta ɗibar wa Idrisu, ta ɗan lasa. Maganin da ɗacinsa ke sa ƙato kuka, wannan salam yake kamar alli. Nan take ta sauke kwalin, ta kwafi lambarsa, ta kulle shi a durowa, ta gaya wa 'yan layi yau babu. Aka yi ta gunaguni, wani Ado mai gadi har yana cewa ɓoyewa za ta yi wa 'yan uwanta.

Ta jawo fom. A gurbin abin da ya sami mara lafiya ta rubuta cewa zazzaɓi bai sauka ba, kuma bai yi susa ba. Ta buga wa ofishin hukuma waya, aka ce ta maimaita. Ta maimaita. Daga can aka tambaya ko ƙorafi take yi ko yabo.

"Ku dai ku zo ku ɗauki kwalin ku gwada," in ji ta. "Ba ku san mutumin ba ne."

Idrisu kuwa dariya ta ƙare masa, domin da hannunsa ya yi ta ba Uwani allin nan yana lallashinta. Hajiya ta ɗauko daga tsohon kwali, ta ce su sha yanzu, in Uwani ta amayar ko ba ta farfaɗo ba zuwa magariba, asibiti kai tsaye.

"Kuma jikinka ba ɗakin gwaji ba ne," ta ce. "Wani yana shan na gaske bai yi susa ba."

Ya ce to, amma bai ji ba. Ya koma gida, ya ba Uwani nata, ya haɗiyi nasa, ya zauna a ƙofar ɗaki ya zuba wa hannuwansa ido. La'asar ta yi, shiru. Tsoro ya kama shi sosai, irin wanda bai taɓa ji ba. In wannan ma alli ne fa?

Rana ta yi sanyi sai ya ji wani ɗan tsikari a tafin ƙafa. Ya hau ƙwauri, ya zagaya baya. Idrisu ya miƙe zumbur ya rungumi turken rumfa yana gurzawa, hawaye shaɓe-shaɓe, yana ƙwala kira:

"Uwani! Na gaske ne! Wallahi na gaske ne!"

Daga cikin ɗaki wata siririyar murya ta ce, "Na ji. In ka gama, a dama mini kunu."