Gwiwar Garba, Daga Ikara Zuwa Hunkuyi

Ikara

Kafin kiran assalatu muka hallara a bakin kasuwa, ni da samarin hoto, masu rawar nan ta jefa garma sama a cafe. Ba a daɗe da samun mulkin kai ba, aka gayyaci samarin garuruwa gasar wasa a Hunkuyi. Ni malamin motsa jiki ne a firamare, ni na yi ta koya musu tashi da sauka tun damina, amma mai faɗa a ji shi ne Tanko, sarkin samari.

Gwaninmu Garba ne, ɗa namiji tilo wurin uwarsa, dawarsu kuma na tsaye a gona tana jiran yanka. Da zai hau lori na ga yana jan ƙafar hagu. Na taɓa gwiwar, na ji ta kumbura, ga zafi rau.

"Garba, yaushe wannan ya same ka?"

"Shekaranjiya ne, Malam, wajen sauka. Ba komai."

Tanko ya sa baki. "Malam, kar ka karya masa zuciya da sassafe. An ɗaura masa laya."

Makarfi

Hanyar duk ramuka ce. Kowane rami muka faɗa sai Garba ya cije leɓe. 'Yan doka suka tsayar da mu, suka leƙa garemani, suka yi dariya suka ce mu wuce. Da hantsi muka shiga Makarfi, motar Hunkuyi kuwa sai washegari, saboda haka muka sauka gidan Alhaji Bawa mai sayen hatsi.

Mutumin kirki ne. Bayan magariba ya sa aka fito da tuwon dawa miyar kuka, da nama, da fura da nono kwarya guda. Samari sun wanke hannu ke nan Tanko ya janye akushi.

"Ɗan hoto ba ya cin tuwo sai ya ajiye garma. In ciki ya yi nauyi, ina zai tashi? Haka muka tarar iyayenmu na yi."

Koko ya ba su, da goro ɓari-ɓari. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce, "Sarki, gwiwa fa ƙasusuwa ne waɗanda jijiya da naman cinya suke riƙe da su. In yunwa ta kashe cinya, nauyin mutum da na garma duk a kan jijiya zai sauka. Bar su su ci, Garba kuma ya zauna ya yi kallo."

"A littafin Bature ka karanto wannan?"

Aka kwashe da dariya. Shi kuwa gogan naku, da yake ba shi zai yi tsallen ba, ya zauna ya share malmala biyu. Na ɗebi fura na miƙa wa Garba, ya dubi abokansa ya ce, "Malam, sai su ce na ji tsoro."

Hunkuyi

Muka bi ta Kudan, muka isa bayan azahar. Ina ganin filin na san akwai matsala. A gida kan ƙasar gona muke rawa, mai laushi. Nan kuwa an yi daɓe, an buge shi kamar tsakar ɗaki don ya yi kyau a idon baƙi. Na roƙa a bar samari su ɗan miƙe jijiyoyi su ɗuma jiki a bayan rumfa. Tanko ya ce a'a, 'yan Likoro, abokan karawarmu, za su ga salonmu su kwaikwaya.

Garba ya shiga. Wallahi ya yi rawa, mata suna ta guɗa. Ya cilla garma, ya tashi ya cafe, ya sake. A tashi na gaba ƙafar ta sauka a karkace, na ji ƙas daga inda nake tsaye. Makaɗi bai ko sassauta ba. Tanko ya tura wani ya maye gurbi, mu kuma muka ja Garba gefe.

Maɗorin garin ya lalubi gwiwar, ya girgiza kai. "Ba karaya ba ce, Malam, balle in ɗora. Jijiya ce. Ƙafar za ta taka, amma kar a sa rai da aikin ƙarfi."

Tanko ya leƙo ya ce ƙaddara ce. Na ce, "Ƙaddara gaskiya ce, Sarki. Amma akushin, da hannunka ka janye shi."

Komawa

Direba, Malam Isa, ya sa Garba a gaba kusa da shi, yana rage gudu a kowane rami. A baya samari suna waƙa, don mu muka zo na ɗaya.

Da la'asar washegari muka iso Ikara. Mun gode Allah da ya dawo da mu. Na gode wa Alhaji Bawa, da Malam Isa da maɗori. Tanko kam ba ni da godiyar da zan yi masa, kuma na faɗa masa haka a gaban jama'a.

Ni na goya Garba har zauren gidansu. Uwarsa ta fito, ta dubi ƙafar, ba ta yi kuka ba.

"Malam, an ce kun ci."

"Mun ci, Inna."

"To, madalla. Wa zai yanke mini dawa?"