Wayar da Aka Kulle a Akwatin Alhaji

Duk wanda ya san Gumel ya san Abdurra'uf mai ƙararrawa. Shi ne siririn mutumin nan da za ka gani yana zagaya shagon mutane da waya a sama, kamar mai duban watan sallah. Lafiyarsa ƙalau, sabis yake nema. Gyaran rediyo ya gada wajen mahaifinsa, da kasuwar rediyo ta mutu ya koma waya, daga nan ya koyi haɗa ƙararrawar tsaro. Abin da ya fi ƙwarewa a kai wata 'yar na'ura ce mai layin waya a ciki: ɓarawo na taɓa ƙofa, saƙo ya faɗa wayar mai shago ko yana ina. Amma fa sai ta samu sabis. Shi ya sa ba ya sa ta ƙasa-ƙasa, ba ya sa ta jikin ƙarfe, in kuwa a Maigatari ne sai ya yi ta gwaji, kada layin ya tsallaka ya kama na Nijar.

Shekara bakwai, daga Gagarawa har Sule Tankarkar, ba wanda ya taɓa kuka da aikinsa. Sau ɗaya tak ya karya ƙa'idarsa, a siton surukinsa.

Alhaji Abdulmuhaimin, mahaifin matarsa Zakiyya, ɗan kasuwar riɗi ne a Maigatari, irin dattawan nan da ba a maimaita musu magana. Ranar da za a sa na'urar, ya nuna wani tsohon akwatin ƙarfe a ƙuryar sito ya ce, "A ciki za ka sa. Abin tsaro ba a baje shi a bango ɓarawo yana kallo." Abdurra'uf ya buɗe baki, ya tuna da wa yake magana, ya rufe. Ya gwada na'urar murfin akwatin yana buɗe, saƙo ya shiga, ya hau babur ɗinsa ya tafi yana ce wa ransa Allah zai tsare. Kunya ke nan, ta kashe mai ita ta bar shi a tsaye!

Wata Juma'a ana masallaci aka fasa siton aka kwashe riɗi. Ƙararrawa ta yi ta ihu a layin shagunan da ba kowa, wayar Alhaji kuwa ko tari.

To ka san bakin mutane. "Wa ya san sirrin na'urar in ba wanda ya haɗa ta ba?" Kafin mako ya zagayo an gama yanke hukunci: da shi aka haɗa baki. Masu shaguna suka fara kiran wani daga Kano yana cire aikinsa. Zakiyya ta daina shiga taron biki. Ta ce masa tana kuka, "Ka faɗa musu gaskiya mana!" Ya ce, "In ce Baba ne ya jawo? Da wane bakin?"

Bayan wata biyu Alhaji ya aika wa Abdurra'uf ya zo ranar Alhamis, ranar kasuwa. Da ya isa ya tarar 'yan layin sun cika bakin sito, sallamarsa ma a ciki-ciki aka amsa. Ya durƙusa ya gaida surukinsa.

Alhaji ya ce, "Sun ce kai ne. Ni ban ce kai ne ba, ban kuma ce ba kai ba ne. Ga akwatin nan. Nuna mana abin da ya lalace, ka gyara ka mayar ciki."

Ya duba batir, lafiya. Ya duba layi, lafiya. Ya bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya yana addu'ar Allah ya sa ɓera ya ci ko guda, ina! Wani daga baya ya ce, "Ashe ba abin da ya same ta. Kashe ta aka yi ke nan." In Abdurra'uf ya yi shiru ya tabbata ɓarawo, in ya yi magana ya tozarta uban matarsa a tsakiyar kasuwa.

Sai ya ciro na'urar ya ajiye gefe, ya sa wayarsa a cikin akwatin, ya rufe murfin. Ya ce, "Baba, don Allah a kira ni."

Akwatin tsoho ne, tsatsa ta ci gefen murfin har ta yi 'yar kafa. Abdurra'uf ya ƙura wa 'yar kafar ido, ya san in wayar nan ta yi ƙara, tasa ta ƙare. Alhaji ya danna lamba, ya ƙara murya kowa ya ji. Shiru. Har kukan raƙuma ana jiyowa daga kara. Can sai muryar matar nan ta kamfani ta ce ba a samun lambar. Alhaji ya sake, haka. Ya sake na uku, haka.

Abdurra'uf ya ɗaga murfin, ya ɗan jira. "Baba, a ƙara." Wayar ta ɗauki ƙara, har wani ya zabura.

Abdurra'uf kuwa kansa na ƙasa, wallahi kunyar da ya ji a lokacin ta fi ta ranar da aka fara ce masa ɓarawo. Alhaji ya daɗe yana kallon akwatin, sannan ya juya ga jama'a.

"Ni na ce ya sa a nan. Na ga ya so ya yi magana, ban ba shi fuska ba." Ya dubi surukinsa. "Ɗan nan, wata biyu kana ɗauke da wannan kai kaɗai?"



Alhaji ya ce a kawo tsani. Mutumin da ya ce kashe ta aka yi ya yi wuf zai riƙe, Alhaji ya ture hannunsa. Ya naɗe hannun babbar rigarsa zuwa kafaɗa, ya dafe ƙafafun tsanin da kansa, dattijo mai furfura, kasuwa tana kallo.

"Hau, ka sa inda ka ga ya dace."

Abdurra'uf ya hau. Sau uku yana ɗora ƙusa tana faɗuwa, don hawaye sun hana shi ganin bangon.