Likkafanin Goggo Dija da Jakata Guda

Asabar: Jimeta zuwa Mubi

Ƙarfe shida saura kwata na asuba na ja ƙofar gidana a Jimeta, jakar goyo guda a bayana. Mubi na nufa, zan ɗauko Goggo Dija, ƙanwar mahaifina, wadda ta raine ni tun ina 'yar shekara huɗu. Labari ya riga ya iso cewa 'yan bindiga sun shiga Michika, kuma kowa ya san daga Michika zuwa Mubi ba wata tafiya ba ce. Goggo ita kaɗai ce a gidanta na Nassarawo, ga ciwon ƙafa.

Ni mutum ce mai alfahari da rashin kaya. A makarantar da nake koyarwa har suna suka sa mini, Malama Jaka Guda. Riga biyu, zani biyu, hijabi biyu marasa nauyi, silifas, sabulu, audugar mata, caja da katin shaida, shi ke nan. Abin da ba zan taɓa ba cikin kwana uku ba ya bi na. Ba na ninke zani, sai dai in nannaɗe shi kamar tabarma. Duk wadda ta tsaya kusa da ni a tasha sai ta sha wannan karatun, ko ta tambaya ko ba ta tambaya ba.

Kuɗin mota naira dubu ɗaya da ɗari biyar. Mun tashi ƙarfe shida da rabi. Direban ya leƙo ya ce, "Hajiya, ina kayan?"

Na juya masa baya na ce, "Ga su nan."

"Allah Ya ƙaro mana irinku," in ji shi.

Daga Girei zuwa Song zuwa Gombi na daina ƙirga shingayen sojoji. A manyan shingaye kowa sauka yake, ya ɗauki kayansa, ya taka da ƙafa ya wuce, a buɗe a duba. Ni minti ɗaya na gama. Wata mata da muke tare, mai buhu biyu, aka zazzage mata komai a bakin titi, har abin da mace ba ta so namiji ya gani. Tana tattarawa tana share hawaye, ni kuwa a zuciyata cewa nake: wa ya aike ki? Allah Ya yafe mini wannan ma.

A Gombi muka sha kunun gyaɗa da ƙosai na naira ɗari. Bayan Hong sai motocin da ke fitowa suka fi masu shiga yawa, katifu da tukwane a ɗaure a sama. Tafiyar kilomita wajen ɗari biyu, wadda a da awa uku take ci, sai ƙarfe ɗaya da kwata muka shiga Mubi.

Nassarawo

Na tarar Goggo ta gama shiri, wato ta tara ƙulli uku da kwando a tsakar ɗaki. Maƙwabciyarta Mama Rifkatu, 'yar ƙauyen Duvu, Kirista, wadda suka yi shekara ashirin katanga ɗaya ce tsakaninsu, tana taya ta ɗaurewa.

"Malama, ka zo lafiya?" in ji Mama Rifkatu. "Goggo ya ce har turmi zai tafi."

Na yi dariya na zauna na hau tankaɗe da rairaya. Kwanukan samira, a'a. Zannuwa goma sha ɗaya, uku. Daddawa da kuka, akwai a Jimeta. Goggo tana kallo tana cewa, "To, uwata, yadda kika ce." Ba ta yi gardama ba sai da hannuna ya kai kan wani farin yadi a naɗe cikin leda, yana ƙamshin kanumfari.

"Wannan kam da shi za a tafi," ta ce.

Na san ko mene ne. Likkafaninta ne. Shekaru ta yi tana matsar man gyaɗa tana soya ƙuli-ƙuli kafin ta je Makka. A can ta sayi yadin, ta tsoma shi a ruwan zamzam da hannunta, ta shanya a saman masaukinsu, ta dawo da shi ta ajiye a ƙasan akwati. Duk shekara takan fito da shi ya sha iska ta mayar.

Na ce, "Haba Goggo, sati biyu fa za ki yi. Wa ke tafiya gidan 'yarsa da likkafani?"

"Wanda bai san inda za a kira shi ba," ta ce. "Ke kina da kayan tafiyarki, ni ma ga nawa."

Sai na ce to. Na sa shi a jakar da na ware mata, tana gani. Muka ci tuwon dawa da miyar yakuwa da Mama Rifkatu ta kawo, muka shige kafin dokar hana fita.

Lahadi: komawa

Da asuba Goggo tana alwala na ɗaga jakarta na ji ta yi kumburi, zif ɗin da ƙyar yake rufuwa. Ni zan riƙe ta a kowane shinge, ga tawa a baya, ga Goggo a hannu. Na zare ledar na mayar ƙasan akwati na rufe. A lokacin abin da na gaya wa kaina ke nan, nauyi. Gaskiyar ita ce ba na son in goya likkafanin matar da ta goya ni. Gani nake idan na bar shi, na bar mutuwar ma a Nassarawo.

Muka ba Mama Rifkatu makulli. Keke ya kai mu tasha ƙarfe shida da minti ashirin, kuɗin mota ya koma dubu biyu da ɗari biyar kowane mutum, kuma ba mai ciniki.

A shingen da ke kafin Hong aka sauke mu. Sojan ya buɗe jakar Goggo, ya ɗaga zannuwa uku, ya ɗaga carbi da maganin ƙafa, har ya kai ƙasan jakar. Ya ce, "Mama, wuce." Goggo ba ta wuce ba. Ta sunkuya ta sa hannu cikin jakar ta laluba, sannan ta ɗago ta dube ni.

"Goggo, zan sa a aiko," na ce. "Wallahi cikin satin nan."

Ba ta yi faɗa ba. Da ta yi, da na fi samun sauƙi. Cewa kawai ta yi, "Mu je, muna tsare wa mutane hanya." A Gombi na sayo mata kunu, ta riƙe kofin har ya huce. Ƙarfe biyu da rabi muka shiga Jimeta lafiya, babu abin da ya ɓata, babu wanda ya zazzage mana kaya. Har na yaba wa kaina.

Jimeta

Satin nan ya zama sati uku. Yau jarrabawa, gobe taron malamai. Da na kira Mama Rifkatu ta ce ta ɗauko ledar ta ajiye a ɗakinta, amma direbobi sun daina karɓar saƙon da ba mai shi a mota. Na ce zan zo da kaina ranar Asabar. Kafin Asabar ɗin 'yan bindiga suka shiga Mubi, wayarta ta daina shiga.

Ranar da labari ya iso jinin Goggo ya hau, ɓarin jikinta ya mutu. Kwana shida ta yi a kwance. Magana da ƙyar take fita, amma kullum da safe sai ta ce, "An kawo?" Ni kuma in ce, "Yana hanya, Goggo." Ƙarya nake yi mata, ina kallon idonta. Ranar da ta cika, a kasuwa aka yanko farin yadi, sabo fil, da tambarin kamfani a gefe. Ni na riƙe wa mai wanka buta. Da na sani ƙeya ce, na ji ana faɗa tun ina yarinya, amma ranar na san inda take.

Kwana goma sha ɗaya da binne ta, da hantsi, aka yi sallama. Mama Rifkatu ce, ta rame ta yi baƙi, ƙafafunta a kumbure cikin silifas da ba ɗaya ba. Ta Duvu suka gudu da ƙafa, suka hau duwatsu suka faɗa Kamaru, daga can aka zagayo da su a babbar mota. Ba ta fito da zani na biyu ba. Ta kwance ɗaurin ƙirjinta ta zaro ledar ta miƙo mini.

"Na ce wannan ba a bari," ta ce. "Ina Goggo? Ka gaya masa ya iso."

Na kasa karɓa. Ta dubi tabarmin zaman makoki da ba a gama naɗewa ba, sai ta zauna a ƙasa ta ɗora hannu a ka.

Ina gode wa Allah da Ya kai ni Ya dawo da ni, da direbobin da suka bi wannan hanya a wancan lokaci, da maƙwabtan da suka tsaya mana. Godiyar Mama Rifkatu kuwa ba ni da bakin yin ta. Da yamma, bayan ta yi wanka ta ci abinci ta kwanta, na ɗauko jakata na sa ledar a ciki, a kan riga biyu da zani biyu. Zif ya rufe ba gardama.