Rabin Allon Baba

Ana idar da sallar asuba muka bar Malikanchi, ni da yayata da mahaifinmu, da wani allo da na ɓoye a cikin buhu. Baba malami ne, tun kafin a haife ni yake rubutun allo. Wata uku ke nan kansa na sara masa da sassafe har ya yi amai, in ya yi sujada kuwa kamar zai tsage. A gida an ce tsufa ne. Ni abin da ya hana ni sakat rubutunsa ne: zai faro daga dama, yana kaiwa tsakiya sai ya sauko layi na gaba, gefen hagu fayau. Kuma ya dage allon ya cika.

Daga Ikara zuwa Makarfi direbanmu ya san kowane rami kamar shi ya haƙa shi, amma bai tsallake ko ɗaya ba. A Makarfi yayata ta tsaya cinikin rake kara biyu sai ka ce gonar za ta saya. Ta miƙa wa Baba ta hagunsa, bai ko waiga ba sai da ta taɓa shi.

A asibitin Zariya wata likita ta gaishe shi da ladabi, ta shiga tambaya: ciwon kai, jijjiga, mantuwa, sanyin hannu ko ƙafa. Duk abin da ta ambata sai Baba ya ce, "Alhamdu lillahi, da sauƙi." Na ga za mu koma yadda muka zo, na zaro allon. Hararar Baba dai na sha ta.

Likita ta daɗe tana kallon allon. Ta kaɗa yatsu ta hagun Baba, bai gani ba. Ta haska cikin idonsa, ta ce jijiyar gani ta kumbura, alamar wani abu na matsi a cikin kai. Aka tura mu hoton ƙwaƙwalwa, Baba ya fito yana cewa na'urar ta fi injin niƙa surutu.

Mun kwana gidan gwaggonmu a Kudan, ta cika mu da tuwon masara da miyar kuka. Washegari likita ta nuna mana hoton: ƙari ne a ɓangaren dama, ya danne hanyar gani, shi ya sa hagu ta ɓace masa. Ta ce da alama irin wanda ake iya cirewa ne, amma sai an gwada abin da aka ciro za a tabbatar. Ta ba da maganin kumburi da ranar ganin likitocin tiyata. Na ji tsoro, ba zan ɓoye ba, amma na fi samun natsuwa yanzu da ciwon ya yi suna.

Abin da tafiyar ta koya mini: "da sauƙi" gaisuwa ce, ba amsar likita ba. Duk abin da ya canja a wurin mutum, ku tafi da shaidarsa.

Da la'asar muka iso gida. Baba ya karɓi allon, ya juya kai hagu kamar yadda likita ta koya masa, ya ga gefen da ya bari.

"Ashe wata uku rabin allo nake ba mutane," in ji shi. "Kai, miƙo min tawada."